Tambayoyinku: dashen ƙwan haihuwa, ƙwan da ya rage a sanyi, da aron mahaifa

Salamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye, fatan an tashi lafiya. Wannan satin saƙonni huɗu na ware cikin waɗanda suka shigo don duk hanya ɗaya suka bi, maganar neman haihuwa ta hannun likita, abin da masu Faransanci ke cewa FIV, ƴan Najeriya su ce IVF, mu kuma a matanite dashen ƙwai kawai muke ce masa. Na cire sunaye da lambobi kamar kullum. Inda maganar ta taɓo addini zan faɗi inda fatawar ta fito da shekararta, don wanda ke so ya kai wa malaminsa su duba tare.

Saƙo na farko, daga wata baiwar Allah a Birni:

"Tanti ina wuni, ya gida ya aiki. Dan Allah shekarata 9 da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, na sha rubutu na sha sassaƙe har na gaji, an min eko an min hoton mahaifa an ce bututun duk biyun a toshe suke, likita ya ce sai dashe. Maigida ya yarda amma uwar mijina ta ce ɗan kwalba ba ɗan sunna ba ne ba za a yanka masa rago a gidanta ba. Kuma wata da ta je waje ta ce min in ƙwan mutum bai yi kyau ba suna sa na wata, ba wanda zai sani. Tanti ya gaskiyar abin yake?"

Ɗiyata sannu, Allah ya ba ki masu albarka. Shekara 9 ba kwana 9 ba ne, na san irin kallon da ake wa mace a gidan suna in ta miƙa hannu za ta karɓi jariri, na san kalmar juya da yadda take zama a ƙirji.

Bari in fara da kwalbar nan don ita ce ke tsorata tsofaffinmu, suna zaton a cikin kwalba yaro ke girma. Ba haka ba ne. Allurai ake miki kamar kwana 10 zuwa 12 don ƙwai da yawa su nuna a lokaci ɗaya maimakon guda ɗaya na kowane wata, sai a zuƙo su da siririyar allura kina cikin barcin magani, a haɗa da maniyyin mijinki a labo cikin ɗan faranti da bai kai tafin hannu ba, bayan kwana 3 ko 5 a maida abin da ya haɗu cikin mahaifarki. Shikenan. Aikin da bututun nan naki ya kasa yi shi kaɗai aka yi a waje, sauran wata tara duk a jikinki ne, laulayi naki, motsi naki, naƙuda taki. Jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta a Oldham ta Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, kuma mahaifiyarta irin lalurarki ce da ita, toshewar bututu. Yarinyar ta girma ta yi aure ta haifi nata ƴaƴan ba tare da dashe ba.

Malamai kuwa ba su yi jinkiri ba. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Shehu Jadul Haƙƙ wanda daga baya ya zama Shehun Azhar, ya ba da fatawa cewa in ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, aka maida cikin mahaifarta ita kanta, to halak ne, magani ne kamar kowane magani. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta jera hanyoyi bakwai, ta haramta biyar ta halatta biyu, kuma biyun nan su ne waɗanda ba kowa a ciki sai miji da matarsa. To ɗan da aka samu haka ɗan sunna ne cikakke, ya gaji ubansa, a yanka masa rago ran bakwai a raɗa masa suna. Ki bar maigida ya yi wa Hajiyarsa bayani da kansa, ke kar ki shiga gardama da ita, in da hali ya tafi da limamin unguwa ko wani malami da take jin nauyi, sau da yawa tsohuwa ba ƙin jika take ba, abin faɗar mutane take gudu.

Amma maganar ƙawar nan taki, nan ne zan tsaya da ƙarfi. Biyar ɗin da aka haramta duk abu ɗaya ya haɗa su, shigowar mutum na uku, ko ƙwan wata, ko maniyyin wani, ko mahaifar wata. Dalili kuwa nasaba ne, wa ya haifi wa, wa zai gaji wa, wa ya haramta ga wa. "Ba wanda zai sani" ɗin nan shi ne ma matsalar, don yaron zai girma ya nemi aure, kuma matar da ta sayar da ƙwanta a garin nan ƙila ta sayar wa gida biyar. Ko Turawan da suka halatta abin sun gano ɓoyon bai ɗorewa, Ingila tun 2005 ta ce duk wanda ya ba da ƙwai ko maniyyi, yaron in ya kai 18 yana da haƙƙin neman sunansa, Faransa ma ta bi sahu da dokarta ta 2021. Gaskiya ne a Iran malaman Shi'a sun buɗe ƙofar, akwai fatawar Khamenei ta 1999, amma malaman Sunna a kan hani suke, kuma ƙasa kamar Tunisiya ta sa hanin cikin doka tun 2001.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ko'ina ake da doka mai haƙori irin wannan ba. Mutanenmu suna sayar da fili, su sayar da shanu, mace ta kaɗar da zinarinta na aure, a bi ta Matameye a shiga Kano ko Abuja, masu hali su tashi Tunis ko Alƙahira, su isa a gajiye da kunya, a miƙo musu takardu da Turanci su sa hannu ba su karanta ba. Dan Allah kar ku yi haka. Ku tafi da wanda zai karanta muku, ku ce a rubuta ƙarara ba ku yarda da ƙwai ko maniyyin kowa ba, ku tambaya ƙwai nawa aka ciro, nawa suka haɗu, nawa za a dasa, sauran ina za su, ku karɓi kwafin dosiyenku. Ku tambayi yadda suke rubuta suna a kan faranti da ko mutum biyu ke dubawa kafin a haɗa. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kuma duk wanda ya ce miki tabbas ne za ki ɗauka, ki riƙe jakarki ki fito, don ko a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki mace ƴar ƙasa da 35 wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga haihuwa a dashe guda, in shekaru sun wuce 40 abin yana sauka ƙasa sosai. Kar kuma ki roƙi a zuba miki huɗu ko biyar wai don kuɗi kar su tafi a banza, na karɓi haihuwar ƴan uku bakwaini da hannuna, kowanne kamar ɗan tsako, mun nannaɗe su da auduga muna ta kallon ƙirjinsu har asuba, ba abin da zan so wa kowace uwa ba ne.

Sai kuma maigida. Ba ki ce an auna shi ba. A auna shi kafin a kashe ko dala, don kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, hangum da ya kama shi bayan balaga, ciwon sanyi da ba a magance ba, kumburin jijiyoyin maraina. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa zuwa wajena bayan isha'i ya ja rawani har hanci, mata uku ya saka a kan rashin haihuwa, da ƙyar ya karɓi ɗan kofin analiz ɗin ya tura aljihun babbar riga, da sakamako ya fito ya zauna kan benci ya fi rabin awa bai ce uffan ba, daga ƙarshe abin da ya ce shi ne "ina zan ga matan nan in nemi gafara". Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2023 mutum ɗaya cikin shida na manya yana haɗuwa da wannan jarabawa a rayuwarsa, maza da mata.

Saƙo na biyu, daga Sabon Gari:

"Hajiya barka da war haka. Mun yi dashe ni da mijina shekara 3 da suka wuce Allah ya ba mu ɗiya mace, ƙwai 4 suka rage aka ajiye mana a sanyi muna biya duk shekara. Watan jiya Allah ya yi masa rasuwa, ina cikin takaba yanzu. Kullum tunanin ƙwan nan nake, ji nake kamar ƴaƴana ne na bari a wani gari. Zan iya zuwa a dasa min? In kuma ba zai yiwu ba in na ce a zubar na yi kisa?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki dangana. Na karanta saƙonki sau uku kafin in iya ɗaukar biro.

Ba zan ɓoye miki ba ƙanwata, mafi yawan malamai sun ce a'a. Sharaɗin da suka kafa tun farko shi ne a yi dashen aure na nan da ransa, mutuwa kuwa ta yanke igiyar, haka ma saki in idda ta cika. Da a ce an riga an dasa kafin ya rasu to ciki ne kamar kowane ciki, iddarki sai kin haihu, a jinkirta rabon gado ko a ware wa cikin kasonsa. Amma ɗaukar sabon ciki bayan an kai shi makwanci, nan rigimar nasaba da ta gado za su taso, kuma kin san dangin miji in ana maganar gida da gona. Yaron da bai ji ba bai gani ba shi zai tashi ana nuna shi.

Kar ki ɗauka mu kaɗai ne muka tsaya a nan. Faransa ma ta hana dashe bayan mutuwar miji, har dokar 2021 da ta sassauta abubuwa da yawa ba ta taɓa wannan ba. Ingila ta yarda amma sai in mamacin ya bar izini a rubuce. A can ne ma aka yi wata shari'a mai ban tausayi, mace aka cire mata ma'ajiyar ƙwai saboda alamun cutar kansa bayan an ajiye mata ƙwai shida da aka haɗa da maniyyin wanda za ta aura, suka rabu ya janye izininsa, ta kai ƙara har kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2007 kotun ta ce ba za a dasa ba sai da yardar su biyun. Kin ga ko inda ba ruwansu da takaba sun gane abin nan na mutum biyu ne.

Maganar kisa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da ke cikin tulun nan na sanyi, wanda ake riƙe shi a 196 ƙasa da sifili, ɗan ƙulli ne na kwana biyar, ƙwayoyin halitta ɗari da ƴan kai, bai kai ƙwayar gero ba balle a ce ido ya rabe shi, ba zuciya ba jijiya, bai kama mahaifa ba. Yana da daraja tunda asalin ɗan Adam ne, ba a wasa da shi ba a sayar da shi, amma hukuncinsa ba na ɗan tayin da ke ciki ba ne. Majalisar fiƙihun nan ta sake zama a Jidda a 1990 a kan wannan tambaya taki daidai, ta ce tun farko likitoci su yi ƙoƙari su haɗa iya abin da ake buƙata, in kuma an samu ragowa a bar shi ba tare da kulawar likita ba har rayuwarsa ta ƙare da kanta, kuma haramun ne a dasa wa wata mace. Wannan na ƙarshen shi nake so ki riƙe. Kar ki daina biya kawai ki yi shiru, don ƙwan da mai shi ya ɓace shi ya fi saurin faɗawa hannun da bai dace ba. In kin fita takaba ki rubuta musu, ki haɗa da takardar rasuwa daga meri, ki ce a fitar da su huɗun, ki nemi shaida a rubuce da kwanan wata da sa hannun likita, in za ki iya ki je da ɗan'uwanki a yi a gabanku. In kuka ya zo miki ranar ki yi abinki, ba laifi ba ne.

Saƙo na uku gajere ne, daga Garin Malam:

"Malama an cire min mahaifa bayan haihuwar da ta zo da gardama, ɗan bai zo da rai ba, amma an ce ƙwaina na nan. Abokiyar zamana mutuniyar kirki ce ta ce a dasa mata ta haifa min tunda miji ɗaya ne. Ya halatta?"

Allah ya saka wa abokiyar zamanki, irin wannan zaman ba ko'ina ake samunsa ba. Tambayarki ta taɓa raba kan manyan malamai, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta halatta wannan sura a 1984, da shekara ta zagayo a 1985 ta janye. Abin da ya sa, kishiyar tana tare da mijin, tana iya ɗaukar nata cikin a daidai lokacin, a rasa na wa aka haifa, ga kuma ayar Suratul Mujadala da ta ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su, to wace ce uwar, mai ƙwai ko mai naƙuda, wa yaron zai gada? Tun daga nan hanin ya zauna. Ni kuma na ƙara miki da abin da idona ya gani, macen da ta ɗauki ciki wata tara ta ji motsinsa ba ta miƙa shi cikin sauƙi ko da ta yi alkawari da zuciya ɗaya, zaman lafiyar da kuke da shi yanzu shi zai fara tafiya. Riƙo a buɗe yake gare ki, ta haifa ta ba ki goyo kamar yadda iyayenmu suka saba, yaro ya san wadda ta haife shi ya san wadda ta raine shi. Sai dai ki yi nesa da masu cewa za su "sa miki ciki" a wani gida can kudancin Najeriya, su yi ta miki allurai ciki ya kumbura su hana ki zuwa eko, ranar haihuwa a sa ki barci ki farka da jariri a gefe. Jaririn wata ne aka saya. Ba mu manta shari'ar jariran da ta tashi a Yamai a 2014 ba, rubuta ɗan wata da sunanki a takardar haihuwa laifi ne da ke kai mutum kaso.

Na ƙarshe daga wani ɗalibi a jami'ar André Salifou:

"Mama ina gaisuwa. Muna gardama a fada kan binciken da Turawa ke yi da ƙwan ɗan Adam, wasu sun ce har yara suke ƙerawa. Ni abin ya shafe ni don ni AS ne wadda nake so ma AS ce, ƙanena emasi ta kashe shi. An ce ana iya tace ƙwan a zaɓi mai lafiya. Wannan ba shiga aikin Allah ba ne?"

Ɗana Allah ya jiƙan ƙanenka. Abu biyu kuka cakuɗa a fadar taku, tacewa daban, gyaran halitta daban.

Binciken yana da iyaka da aka daɗe da shatawa. Bayan haihuwar Louise Brown a 1978 gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock, rahotonsu na 1984 ya kawo ƙa'idar kwana 14, wato ba a rainon ƙwan da aka haɗa a labo ya wuce sati biyu, don wajen nan ne wani ɗan layi ke fitowa wanda daga shi jiki ke fara tsaruwa, kuma daga nan ba ya sake rabuwa ya zama tagwaye. Aka sa shi cikin doka a 1990 tare da hukumar da ke ba da lasisi tana bin asibitoci da labo tana dubawa. Jamus a shekarar nan ta hana binciken da ke lalata ƙwan gaba ɗaya. A 2021 ƙungiyar masu binciken ta duniya ta sassauta nata ƙa'idar ta ce a riƙa duba buƙatun wuce kwana 14 ɗaya bayan ɗaya, amma dokar Ingila da ta Faransa suna nan a 14. A ɓangarenmu majalisar Rabiɗa a 2003 ta yarda a yi amfani da ragowar ƙwan dashe don binciken magani in iyayen sun ba da izini, ta hana a haɗa ƙwai da gangan don bincike kawai.

Wanda ya tsallake iyaka shi ne He Jiankui na ƙasar Sin, a Nuwamba 2018 ya fito ya ce ya taɓa ƙwayoyin gadon wasu tagwaye mata tun suna ƙwai wai don kar ƙanjamau ta kama su, alhali akwai hanyoyin kariya da aka sani ba sai an yi haka ba, kuma duk kuskuren da ya yi zai bi ƴaƴansu da jikokinsu. Kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara 3 a ƙarshen 2019. Wannan shi ne abin tsoron, kuma ina tare da masu tsoronsa.

Naka ba shi ba ne. AS da AS, wato ku biyun kuna ɗauke da gadon emasi, ciwon sikila, kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu ya zo SS mai ciwon, kowane ciki fa, ba wai in an haifi mai ciwo ɗaya sauran ukun sun tsira ba. A tacewa dashe ake yi kamar yadda na faɗa a sama, ran kwana 5 a ɗebi ƴan ƙwayoyi kaɗan daga gefen kowane ƙulli a auna, a dasa wanda ba SS ba, ba a ƙara masa komai ba a rage masa komai. Malamai da yawa na wannan zamani sun yarda da shi don kauce wa ciwon gado mai tsanani, sun fi samun natsuwa da shi a kan zubar da ciki, balle mu Malikawa da mazhabarmu ta tsananta tun daga ranar da ciki ya kama mahaifa. Abin da suka ƙi shi ne a mayar da shi hanyar zaɓen namiji don son rai. Amma ka san nauyinsa tun yanzu kafin ka kai goro, kuɗin dashe ne da na gwaji a kansa, miliyoyin sefa, a kowane yaro, ita za ta sha alluran ba kai ba, ana iya tacewa a rasa mai kyau a zagayen gaba ɗaya, gwajin ma yakan yi kuskure jefi-jefi shi ya sa ake sake dubawa in ciki ya kama, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa dole ku yi tsarin iyali sosai don cikin da ya shigo da kansa ba a tace shi ba. Ku fara sake gwajin jinin ku biyun a labo mai kyau, ainihin gwajin da ke rabe AA da AS da SS da AC, ba na sauri ba, sannan ku nemi ganin likitan emasi ku zauna da shi tare, akwai cibiyarta ta ƙasa a Yamai. Ka kai ta ta gaida mahaifiyarka, ka bar su su biyu, ta ji daga bakin wadda ta yi jinyar ƙanenka yadda daren ciwon yake, sai ka tambaye ta ra'ayinta bayan nan.